Igiya a Hannun Haladu

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa a zaure kafin in fito, wai haƙar rijiya ƙarfi ne kawai, duk mai diga da shebur ya iya. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ɗauka ranar da mahaifina ya kai ni wurin Baba Tanimu a Yammedi, ya ce ga Inuwa nan, a koya masa. Tunda kun ce a wata biyu kuke so ku ƙware, ku gyara zama ku ji yadda aikin yake.

Shekara uku na yi a hannun Baba Tanimu ban shiga ramin da ya fi tsayina ba. Aikina jan guga da zubar da ƙasa, sai duba igiya. Kullum da safe sai na bi ta da yatsu daga wannan baki zuwa wancan, ina neman inda ta fara ci. In na ce lafiya lau, shi ma sai ya sake bi. Kayan aikin ba su da yawa. Diga mai gajeriyar ƙota, don doguwa ba ta juyuwa a rami. Dagi na fasa marmara. Ƙaramin shebur, gugan roba, gungumen itace da ake gindayawa a bakin rami igiya ta bi ta kansa, da dutse ɗaure a zare wanda ake saki don a ga ko bango ya karkace. Sai fitilar ƙwai. Kafin mutum ya sauka tsohuwar rijiya yasa, ana zura ta a kunne. In ta mutu a hanya, iskar ciki ba ta shaƙuwa, kai ma ba za ka dawo ba.

Rijiyar farko da na sauka ta wani manomin gyaɗa ce a bayan Yammedi. A can na koyi jerin ƙasar nan tamu: baƙa a sama, sai ja, sai marmara mai cinye bakin diga, sai yumɓu mai sanyi a tafin hannu, sannan farin yashi. In ka ga farin yashi ya fara manne wa shebur, ruwa ya kusa. A can kuma na gane cewa wanda ke ƙasa ba shi da ikon komai. Kana gaba bakwai, wato tsayin mutum bakwai, a ƙarƙashin ƙasa, bakin ramin ya koma kamar faifai, ga guga cike da marmara yana hawa ta saman kanka. Iyakar abin da za ka yi shi ne ka manne da bango ka jira. Ranka yana hannun Allah, sannan yana hannun mai igiya.

Mai igiyata Haladu ne, ɗan Baba Tanimu na cikinsa. Na girme shi da shekara huɗu, yana ce mini Yaya Inuwa. Ban taɓa aiki da wanda ya kai shi ba. Daga nauyin igiya yake gane irin ƙasar da na kai. Ba ya fizga, ba ya barin guga ya gogi bango. Mutum ne mai sanyi, in ana hira shi ne na ƙarshen magana. Amma yana da wani abu da ke taso masa.

Ganina na farko, muna hutun azahar a wani gida, akuya ta ture masa kwanon fura. Abin da kowa zai yi tsaki ya kore ta. Sai na ga Haladu ya miƙe, idonsa ya kaɗa, ya ɗauki dagi ya shiga dukan turmin matar gidan har ya tsage biyu, yana ihu da wata murya da ban san shi da ita ba. Bai fi minti goma ba. Daga nan ya saki dagin, ya zauna a ƙasa jikinsa na ɓari, gumi ya jiƙa masa riga. Da yamma ya je ya durƙusa gaban matar yana ba ta haƙuri, washegari ya sassaƙo mata sabon turmi.

Haka abin yake. Sai a yi wata biyu, wani lokaci uku, lafiya lau, har ka manta. Rana ɗaya a kan abin da bai taka kara ya karya ba sai ya fashe. Baba Tanimu ya ce zafin zuciya ne na ƙuruciya, aure zai gyara shi. Aka yi masa aure da Hajara, bai bari ba. Wasu suka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Wasu suka ce mugun hali ne kawai yake ɓoyewa. Ni dai abin da na riƙe shi ne bai taɓa yi yana kan igiya ba, kuma na sa a raina ba zai taɓa yi ba. Da Baba Tanimu ya rasu muka ci gaba mu biyu, daga ƙauyukan Ƙaraye har cikin Rogo.

Masu ba da aiki kuwa iri-iri ne, kuma haƙuri da su rabin sana'ar ne. Akwai wanda zai nuna maka wuri taku biyar daga masai ya ce nan yake so, don kusa da ɗakinsa. Sai ka zauna ka yi masa bayanin yadda ƙazanta ke bin ƙasa, in ya ƙi ka ɗauki kayanka. Akwai mai kiranka a tsakiyar damina, ya ga ruwa a gaba uku ya yi murna, rani na yi rijiya ta ƙafe ya ce kai ne ba ka iya ba. Matan gida sun fi sanin inda ya dace, don su ke jan ruwan, sai dai ba kasafai ake tambayarsu ba. Ni nakan aika a tambaye su.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurina ta fara ne a Kafin Dafga, a makarantar Malam Zubairu. Malamin allo ne mai gardawa da yawa, yana son rijiya a bakin makarantar don alwala. Mun kai gaba takwas, muna cikin marmara mai tauri. Na cika guga na girgiza igiya, Haladu ya fara ja. Gugan ya yi kamar rabin hanya sai na ji magana a sama. Wani mai amalanken shanu ne, ya tarar ƙasar da muke zubarwa ta ci gefen hanya. Daga baya aka gaya mini abin da ya ce bai wuce "Ku ba ku da ido ne?" ba, sai kuma ya sa ƙafa ya ture butarmu.

Abin da na ji shi ne kukan igiya a jikin gungume. Na manne da bango, amma gugan ya daki gefe ya dawo ya sauka a kafaɗata ta hagu. Na ji ƙashi ya ce ƙas. Ƙasa ta cika mini baki da ido. A sama kuwa ihu ake yi, da ƙarar katako na karyewa. Na kira Haladu har sau uku, babu amsa. Gardawan Malam ne suka zuro igiya, na ɗaura a ƙugu da hannu ɗaya suka jawo ni.

Da na fito na tarar ya ragargaza gefen amalanken, ya fasa wa mai shi leɓe, shanun sun tsinke sun shiga gona. Shi kuma yana zaune a gindin bango ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ɗago ya ga yadda hannuna ke lilo, sai ya ce, "Yaya Inuwa, ni na sake ta?"

Na ce, "Kai ka sake ta."

Aka sasanta a gaban mai unguwa, Haladu ya gyara amalanken da hannunsa. Mai ɗori ya ɗaure mini kafaɗa, ya ce wata shida ban da diga. Amma labari ya riga ya zaga. Duk ranin nan babu wanda ya kira mu, ko yasa. Rijiyoyi biyu da aka yi mana alkawari aka ba wasu. Da kaka ta zo, ni da na yi shekara ashirin ina fito da ruwa, sai ga ni ina tsinkar gyaɗa a gonakin mutane da hannu ɗaya don a samu na tuwo.

Wata safiya na fito na ga igiyarmu a naɗe a zaurena, da dagi a kanta. Haladu ne ya ajiye ya tafi bai yi sallama ba. Da hantsi sai ga Hajara ta zo wurin maiɗakina, ta ce a kira ni.

Ta ce, "Yaya, ya ce zai tafi kudu inda ba a san shi ba. Wai gara ya yi nisa kafin ya kashe wani a cikinmu."

Na ce, "Ke ya taɓa taɓa ki?"

"Bai taɓa ba. Amma ƙofar ɗakinmu wannan ta uku ke nan, biyu ya karya. Yara in sun ji muryarsa ta canza sai su shige ƙarƙashin gado." Sannan ta ce, "Ni fa ina ganin zuwan abin. In ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba, sai ka ga yana murza ƙeya yana cewa kansa ya yi nauyi. To ranar ko washegari ne. Na faɗa a gidansu, aka ce mini in daina sa ido."

Shekara da shekaru ina tare da mutumin nan, ban lura da wannan ba.

Malam Zubairu ya zo duba ni a satin, na gaya masa. Ya ce, "Malam Inuwa, addu'a mun yi kuma ba za mu fasa ba. Amma ina da gardi a nan mai farfaɗiya. Da can sai ya faɗi ana tsakiyar karatu, ya tashi kamar ba shi ba. Tun da aka ɗora shi a kan maganin asibiti ya yi shekara biyu bai faɗi ba. Ciwon da ke zuwa ya tafi shi ma ciwo ne. Ku kai shi a duba, Allah Ya sa a dace."

Wahalar ita ce shawo kan Haladu. Na same shi a bayan gidansu yana gyaran danga. Da na ambaci asibiti sai ya ce, "Ni ba mahaukaci ba ne, Yaya. Dubi ni. Me zan ce wa likita yana yi mini ciwo? Yanzu haka lafiyata ƙalau."

Na ce, "Na sani. Ran nan ma da safe lafiyarka ƙalau."

Ya juya ya ci gaba da ɗaurin dangarsa.

Na ce, "Kafaɗata ta kusa haɗewa. Rami zan koma, don ban iya wata sana'a ba. In ka tafi, wani zan ɗauka wanda bai san nauyin marmara ba, in ba shi raina. Ka raka ni Kano sau ɗaya. In sun ce ba su san abin ba, ni zan kai ka tasha."

Wani ma'aikacin lafiya a Ƙaraye ya rubuta mana takarda zuwa asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa. Muka tafi mu uku har da Hajara. Na zaci allura za a yi masa a sallame mu. Likitar, wata mace mai kamar shekara arba'in, ta fi awa tana tambaya. Tun yaushe? Minti nawa yake yi? Yana tuna abin da ya yi? Yana shan wani abu? Ya taɓa buguwa a ka? Ta tambaye ni, ta tambayi Hajara, kuma abin da Hajara ta faɗa game da barci da murza ƙeya duk ta rubuta. Aka ɗebi jininsa. Wata ranar muka koma aka manna masa wayoyi a ka don a ga ko wani nau'in farfaɗiya ne, aka ce ba ita ba ce.

Sannan ta zaunar da mu ta ce, "Malam Haladu, abin nan sananne ne a wurinmu, ba kai kaɗai ba ne. Fushi ne mai tasowa farat ɗaya, ya fi ƙarfin abin da ya jawo shi, ya wuce ya bar mutum da nadama. Ka ga mai asma ko mai sikila? Yana tafiyarsa lafiya sai ranar da abin ya motsa. Naka ma haka ne. Wannan bai wanke ka daga abin da hannunka ya yi ba, amma akwai abin da za a yi."

Haladu ya ɗago kai. Sai ya ce, "Likita, wato ba halina ba ne?"

Ta ce, "Halinka shi ne na sauran kwanakin. Wannan lalura ce, kuma aikinka ne ka kula da ita."

Hajara ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni dai na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Aka ba shi ƙwaya ɗaya kullum da safe, aka ce sai ta yi makonni kafin a ga aikinta. Duk wata kuma yana komawa ya zauna da wani ma'aikacinsu, yana koya masa gane alamun tun suna nesa: nauyin kai, zafi a ƙirji, rawar hannu. Da abin da zai yi in ya ji su, wato ya bar wurin, ya ja numfashi a hankali, kada ya dawo sai jikinsa ya saki. Aka ce ya kiyaye barci kamar yadda yake kiyaye abinci.

Kada ku ɗauka daga nan shi ke nan. Bayan wata huɗu lafiya, sai ya ga ai ya warke, ya daina shan maganin bai gaya wa kowa ba. Sati biyar a tsakani ya fasa randar gidansa a kan an taɓa masa rediyo. Shi da kansa ya hau mota ya koma asibiti washegari. Likitar ta ce masa wannan shi ne tarkon duk ciwon da ke lafawa: ranar da ka fi jin daɗin jikinka, ranar kake ganin ba ka bukatar magani. Tun daga nan Hajara ke miƙa masa ƙwayar tare da kokon safe.

Ni ma na canza yadda muke aiki, kuma haka zan koya muku ko da mai igiyarku waliyyi ne. Yanzu igiya sau biyu take zagaye gungume, yadda ko an sake ta ba za ta zube gaba ɗaya ba. Muna kafa turke mai ƙarfi taku biyu daga bakin rami, inda za a ɗaure ta cikin ƙiftawar ido. Muka kuma yi yarjejeniya ni da shi. In ya ji alamar, ko guga na tsakiyar hanya, ya ɗaure a turke ya leƙo ya ce, "Zan sha ruwa." Ni ba zan tambaye shi komai ba, shi kuma ba zai ji kunyar tafiya ba.

Sai dai duk wannan shiri babu inda za a gwada shi, don babu mai kiranmu. Sai da rani ya sake zagayowa wata dattijuwa mai yin man gyaɗa a Jajaye, Inna Ladi, ta aiko. Na je na gaya mata gaskiya, na ce da Haladu zan zo, kuma ta san abin da aka ce a kansa.

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Jikata sikila gare ta. Ranar da take lafiya cewa ake ƙarya take yi, ranar da ta kwanta cewa ake ba za ta yi rai ba. Ku zo ku yi aikinku."

Kwana goma sha shida muka yi lafiya. A rana ta sha bakwai ina gaba tara, yumɓu ya ƙare, farin yashi ya fara manne wa shebur. Na cika guga na girgiza igiya. Ya hau ya kai tsakiya, sai na ji muryar wani maƙwabcin Inna Ladi a sama, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Inna, ashe da gaske ne. Wannan ai shi ne mahaukacin da ya saki igiya a kan ɗan'uwansa. A gidanki kike so a yi gawa?"

Gugan ya tsaya cak.

Na manne da bango. Kafaɗar nan ta hagu ta fara yi mini zugi tun ba a taɓa ta ba. Ina kallon gindin gugan yana juyawa a hankali, yashi na zubo mini a fuska. Na ji igiya ta ɗan motsa, irin motsin ɗauri. Sai kan Haladu ya rufe hasken bakin ramin.

Ya ce, "Yaya Inuwa." Muryarsa na rawa. "Zan sha ruwa."

Na ce, "To, a sha lafiya."

Na ji takunsa yana nisa. Na ji Inna Ladi tana ce wa mutumin ya fice mata daga gida, ba da ihu ba, amma ya fita. Daga nan shiru. Ban iya aiki ba, tunda guga na rataye a kaina, don haka na tsaya ina salati. Ina tsayen ne na ji sanyi a yatsun ƙafata. Na duba, ashe inda na sari yashin ƙarshe ya fara tsattsafowa. Ina kallo ruwan ya cika sawun shebur, ya rufe mini tafin ƙafa, ya kama hanyar idon sawu.

Ya kai rubu'in awa kafin igiyar ta sake motsi. Gugan ya hau sumul, bai gogi bango ba ko sau ɗaya. Da ya dawo fanko ban sa masa yashi ba, na kwantar da shi na ɗebo ruwan, ja-ja da shi saboda laka, na girgiza igiya. Sannan aka jawo ni.

Na tarar da Haladu tsaye a bakin turke, rigarsa sharkaf, ya wanke fuska. Inna Ladi na gefe ta leƙa gugan tana ta hamdala, tana kiran matan gidan su zo su gani.

Na ce masa, "Ka sha ruwan?"

Ya ce, "Ban sha ba, Yaya. Na je bayan gari na dawo. Na ce bari in jira naka."

Inna Ladi ta miƙo moɗa. Na bari lakar ta ɗan kwanta, na ɗiba daga sama na ba shi. Ya yi bisimilla ya shanye, ya goge baki da bayan hannu, sannan ya dubi rana ya ce in na huta in koma, akwai sauran gaba ɗaya kafin mu sa siminti.